Babin da Ban Rubuta Ba

Ku da kuka cika min shafi da yabo ranar Laraba, ku gyara zama, ina da magana da ku. Wata ta ce babi na sha tara ya sa ta kuka a cikin motar haya har na kusa da ita ya yi mata ta'aziyya. Wani ya ce sai yanzu na iya rubutu. Na gode ƙwarai. Sai dai ba ni na rubuta shi ba.

Daga kwamfutar wurin aikinmu nake rubuto muku wannan, a sabon shafi, kuma za ku gane dalili kafin ku kai ƙasa.

Ga waɗanda yau suka fara zuwa: wata takwas ke nan ina rubuta labarin wani gari da hukuma ta hana ƙofa. Ba da bindiga aka fara ba. Sanarwa aka yi cikin ladabi, wai ƙofa tana hana mutum jin ihun maƙwabcinsa idan gobara ta tashi, kuma mutumin kirki ba shi da abin ɓoyewa. Aka fara da ƙofar gida, aka koma ta ɗaki, daga baya har murfin akwati. Duk wanda ya kai tasa ofis ana ba shi takardar yabo da labule kyauta. Tauraruwar labarin wata mai ɗinki ce da ta ƙi. Ta cire ƙofar ɗakinta, ta yi mata ƙafafu huɗu, ta mayar da ita teburin yankan yadi, tana yanka a kanta a gaban masu bincike suna kallo ba su gane ba. Babi goma sha takwas muna tare, ku kuna jin tsoro, ni ina jin daɗin tsorata ku. Kullum sai wani ya tambaya ko irin wannan zai iya faruwa da gaske, ni kuma in amsa masa da 'yar fuskar dariya, irin ta wadda ta gama sanin duniya.

A shagon tabarau nake aiki. Ni ce a gaba, ina rubuta sunayen mutane, ina miƙa musu madubi su ga ko tabarau ya dace da hancinsu, ina yi musu ƙarya idan bai dace ba. Likita yana ciki da allon haruffansa, Anti tana baya da injin yanka gilashi. A waya nake rubutuna ranar Lahadi, idan babi ya kammala sai in saita shi ya fita da kansa ranar Laraba da sha biyun rana, lokacin da shago ke cika ba ni da hannun taɓa waya. Ina alfahari da wannan tsarin sosai. Ban taɓa tunanin cewa kwana uku babin yake yi a zaune shi kaɗai babu mai gadi ba.

Ranar Laraba wajen ƙarfe biyu, bayan na sallami wani dattijo da ya gwada tabarau goma sha ɗaya ya tafi da nasa na da, na shiga ɗakin baya na buɗe waya. Sharhi ɗari huɗu da wani abu. Ni da na saba da sittin, saba'in idan an yi faɗa. Na zauna a kan kwalin gilasai ina murmushi kamar wadda aka yi wa albishir. Na farko ya ce, "Ashe dai za ta miƙa ƙofar. Allah sarki." Na ce a raina wannan bai karanta da kyau ba. Na biyu ya ce wurin da ta shafa wa ƙofar mai ne ya karya masa zuciya. Ta uku ta ce ita keken ɗinkin ne ya gama da ita.

A babin da na rubuta babu mai, babu miƙawa. Masu bincike sun zo, mai ɗinki ta hau teburinta ta harɗe ƙafa, suka ɗauke ta da teburin gaba ɗaya suka bi titi da ita, jama'a suka fito suna bin su a baya. Har jawabi na ba ta, shafi guda cur, wanda na kwana biyu ina jin kaina a kansa.

Na buɗe babin. Sunana na alƙalami yana sama, lamba daidai, layin farko nawa ne. Daga layi na biyu ban gane kowa ba. Wannan mai ɗinkin ba ta jira an zo ba. Da sassafe ta kwance ƙafafun teburin, ta goge ƙofar, ta shafa mata mai a duk inda almakashi ya karce, ta ɗora a ka ta tafi ofis da ƙafarta. Magatakarda ya yi mata godiya, ita ma ta yi masa godiya. Ta dawo ta rataye labulen da aka ba ta, har ta gyara masa baki saboda ya yi tsawo. Daga ranar, duk lokacin da kuka ya zo mata, sai ta zauna a kan kekenta ta yi ta taka shi babu zare babu yadi, maƙwabta suna jin ƙara suna cewa baiwar Allah nan akwai ƙwazo.

Sau biyu na karanta. An shiga shafina, wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuma, wanda ya fi min ciwo, babin ya fi nawa kyau, kuma na sani.

Anti ta leƙo ta ce idanuna sun yi kamar na wanda Likita ya ɗiga wa magani. Na ba ta labari a tsaye. Ba ta karanta labarina, ta ce ita tsoron da take ji a gidanta ya ishe ta. Tambaya biyu kawai ta yi min.

"Wa ya saya miki wayar?"

"Injiniya."

"Wa ya saita miki ita?"

Ta ja gilashinta ƙasa ta dube ni ta samansa, ta koma ta kunna injinta.

Injiniya shi ne mai nemana. Aikinsa sanya kyamarori a shaguna da gidajen mutane. Kada ku yi zaton wani ne ya tilasta min shi, da kaina na kawo shi gida. Bai taɓa makara ba, bai taɓa ɗaga murya ba, rigarsa kullum kamar yanzu aka zaro ta daga leda. Zuwansa na biyu ya gyara fankar falo da ta shekara tana kuka. Na uku ya gyara wa Baba rediyo. Daga nan aka daina tambayata ko ina sonsa, aka koma tambayata yaushe. Shekaruna ashirin da bakwai, kuma babu gwaggon da ba ta riƙe da lissafin a ka fiye da ni. Ranar Asabar ɗin nan iyayensa za su zo su ga Baba. Wata biyar da suka wuce, da tsohuwar wayata ta faɗa cikin bokitin wanki, shi ya kawo min sabuwa a kwali da jan ƙyalle, ya ce in bar masa ita kwana ɗaya ya saita min komai kada in wahala. Na ce a raina ga mutum mai tunani.

Na tura masa saƙo: "Ka zo gida ƙarfe biyar."

Ya amsa: "To, ranki ya daɗe. In taho da wani abu?"

Na rubuta: "Ka taho da wayarka."

Ƙarfe biyar daidai farar motarsa ta tsaya a ƙofar gida, ya yi sallama. Ban ko canza kaya ba, ina cikin doguwar rigata ruwan toka ta aiki, da ɗan allon sunan shago a ƙirji, mayafina a karkace. Shi kuwa farar riga, agogo mai baƙar fata, da ledar lemu don Mama. Ya zauna a kujerar da ya saba, mai kallon ƙofa, ɗaya daga cikin kujerun da Mama ke lulluɓewa da zane don kada su tsufa, shekara goma sha biyar ba wanda ya ga ainihin launinsu. Baba yana gefe da rediyonsa a kunne. Mama ta kawo ruwa ta tsaya a bakin kicin tana goge hannu da ba ya buƙatar gogewa.

Na shirya masa tarko mai hawa uku a hanya, yadda zan ja shi a hankali har ya faɗa. Ban samu damar amfani da ko ɗaya ba. Ina tambayarsa ya ce eh, shi ne. Ya ce tun ranar da ya saita wayar ya haɗa ta da tasa, duk abin da na taɓa yana gani. Ya faɗe shi da irin muryar da yake gaya wa mai shago inda ya fi dacewa a maƙala kyamara.

"Amma ban taɓa bin saƙonninki da ƙawayenki ba," in ji shi. "Labarin kawai nake dubawa."

"Ta yaya kake gane wanne ne na ƙawaye?"

"Sai na buɗe nake ganewa, sai in rufe."

Ya ce in sha ruwa. Ya yi min bayani tiryan-tiryan. Wai tun wajen babi na goma masu sharhi suka fara cewa wane a labarin ya yi kama da wane na gaske. Wai wani babba da yake yi wa aiki ya taɓa ambaton labarin a gabansa, kuma ba da dariya ba. Wai iyayensa mutane ne masu gudun magana, kuma sunan alƙalami ba ya ɓoye kowa, shi a minti goma zai iya gano mai shi. Da ya ga na fito da jama'a kan titi a babi na sha tara, sai ya san wannan ba zai fita ba. Duk don ni ya yi. Ya ce idan ka damu da mutum dole ka san halin da yake ciki, kuma ni ba ni da wani abin kunya a wayar, ya duba, ya tabbatar, ya ƙara girmama ni.

Na zauna ina kallonsa. Wata takwas ina ƙirƙirar mugayen mutane, ina ba su baƙin tabarau da takalma masu ƙara, ashe ban iya ba. Ga yadda ake yin su, da ledar lemu.

Na juya wajen Baba na tambaye shi ko ya sani. Ya rage muryar rediyo kaɗan ya ce shi dai an ce ya yi shiru, ya yi. Ya ƙara murya.

Na ce wa Injiniya ashe har rubutu ya iya, ban sani ba. A nan ne kawai na ga ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce shi bugawa kawai ya yi. Shawararsa ita ce a goge babin a ce min shafin ne ya samu matsala, amma aka ce masa a'a, a ba da kwana biyu.

"Wa ya ce a'a?"

Mama ta ninke tsumman hannunta gida huɗu ta ajiye a kan firij.

"Auta, zo ɗaki," in ji ta.

Kafin in tashi ya roƙe ni in tsaya in gani da idona. Ya ciro wayarsa ya danna nan ya danna can, ya juyo min da ita, ga rubutu a fili cewa an raba wayoyin biyu. Ya rantse ba zai ƙara ba. Ya tambaya ko maganar Asabar tana nan. Na ce zai ji daga gare ni, na bi Mama.

Ɗakin Mama kun san irinsa. Gado mai shimfiɗa shuɗiya da ba a zama a kai, akwatuna uku a jere a saman kabad, ƙamshin man zafi, da tsohon keken ɗinkinta a lungu an rufe shi da zane an ɗora masa kwandon magunguna. Ina shiga idona ya sauka a kan keken. Ina ƙarama, da rana bayan mun dawo makaranta, nakan ji ƙarar keken nan ta cikin bango, wani lokaci har awa guda. Ban taɓa ganin rigar da ta fito daga cikinsa ba. Kayanmu duk tela ke ɗinkawa.

Ta ɗaga katifa ta ciro littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai bango kore, ta ɗora min a cinya. Rubutunta ne, ƙanana a tsaye, wanda ban taɓa ganinsa a kan komai ba sai takardar cefane. Ta ce duk Lahadi da yamma, idan na shiga wanka ko na fita, Injiniya yakan turo mata abin da na rubuta, ta karanta da tabaraun da ni na zaɓa mata a shagonmu. Ta ce da farko don tsoro take karantawa, daga baya ta koma jiran Lahadi.

Na tambaye ta me ya sa ba ta yi min magana ba. Ta ce da ta yi, da na daina rubutawa yadda nake yi, ta san wannan sarai. Kafin ta auri Baba tana da irin littafin nan guda tara cike da labarai. Babu wanda ya hana ta, ta nanata min wannan sau biyu. Baba bai taɓa cewa ta daina ba. Kullum dai idan ta ɗauki biro sai wani ya leƙo cikin fara'a ya ce me ake rubutawa ne, a karanto mana mu ji. Yau shi, gobe ƙanwarsa, jibi mahaifiyarsa. Sai ta fara rubuta abin da za a iya karantowa. Daga nan ta ga ba shi da amfani.

"Kin san ciwon abin, kuma kika yi min?" na ce.

"Na sani."

"Kika sa ta miƙa ƙofar."

"Ke kin sa an ɗauke ta a kan tebur ana tafi," in ji Mama. "Wa kika taɓa gani an yi wa haka? Kin iya tsoratarwa, Auta, amma ba ki san yadda ake miƙawa ba. Da kanka kake kaiwa, har ka yi godiya. Ni na sani."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ba ni haƙuri ba. Ta ma tambaye ni, tana kallon gefe, wai mutum nawa suka yi sharhi. Na gaya mata. Ta ce, "Ɗari huɗu," a hankali, ta gyara ɗankwalinta, kuma na rantse muku na ga wani abu a fuskarta da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Na rasa ko in rungume ta ko in fasa ihu. Mace ta shekara talatin ba ta rubuta komai ba, ranar da ta dawo kuma a kan gawar babina ta dawo.

Ta ce na ashirin ma ta gama, yana nan a shafukan baya. Idan zan yaga in yaga, amma in karanta tukuna. Na karanta a zaune a bakin gadon da ba a zama. A cikinsa magatakardan da ya karɓi ƙofar ya zo neman auren mai ɗinki. Mutum ne mai kirki, ba ya makara, ba ya ɗaga murya. Ta amince. Babin ya ƙare tana auna shi za ta ɗinka masa riga, yana tsaye ya buɗe hannuwa yana murmushi, ita kuma tana riƙe da allurai a baki don kada ta yi magana.

Na tambayi Mama shawara ce wannan ko gargaɗi. Ta karɓi littafinta ta mayar ƙarƙashin katifa, ta ce ita labari kawai ta rubuta, mai karatu ne ke da sauran aikin. Ta fita ta ɗora ruwan shayin Baba.

Yau Alhamis. Na zo shago tun kafin Likita, na share, na jera tabarau, na goge madubi sau biyu. Na shiga ɗakin baya na zauna a kan kwalin nan na jiya. Na yi tunanin gwaggonnina, da fankar falo, da yadda Baba zai kashe rediyo ya dube ni. Na yi tunanin cewa mutumin nan bai taɓa yi min ƙarya ba sai wannan, kuma da na tambaye shi bai musa ba, kuma a gabana ya raba wayoyin. Duk da haka na buɗe wurin saƙonsa na fara rubutu. Na goge, na sake. A ƙarshe abin da ya rage gajere ne: "Ka gaya wa iyayenka kada su zo ranar Asabar. Ba zan iya ba."

Ban tura ba. Na riƙe wayar ina kallon layin, yatsana a sama, ina jin injin Anti ya tashi a bayana. Ko minti ɗaya ban yi a haka ba wayar ta yi motsi a hannuna. Saƙonsa ne ya shigo, a ƙarƙashin nawa da ke zaune bai tafi ko'ina ba.

"Kada ki tura wannan, ranki ya daɗe. Ina zuwa mu yi magana."

Na kife wayar a kan kwali, na zo gaba na kunna kwamfutar shago. Na roƙi Anti idan ya zo ta ce masa ina da aiki. Ta ce za ta faɗa, amma farar motar da ke tsaye a tsallaken titi tun ɗazu, ita dai ba ta san Likita da irinta ba.